Bayan Tikiti

Sunana Nélida Carvacho.
Shekaruna sittin da uku, gwiwa ɗaya ta daina jin magana.
A Valparaíso aka binne cibiyata,
garin da gidaje ke hawa kan juna kamar awaki a dutse,
kowa na leƙen teku ta kafaɗar maƙwabci.

Shekara goma sha ɗaya ina kankare kifi a bakin ruwa.
Ƙarni ya shige farcena, lemun tsami ya gaza.
Daga nan asibiti, aikin dare,
ina juya tsofaffi kada gado ya ci bayansu,
ina jin abin da mutum ke faɗa da ƙarfe uku
wanda ba zai maimaita wa 'ya'yansa ba.
Ban san ina tara komai ba.
Na ɗauka gajiya kaɗai nake kaiwa gida.

Sai keken hawa tudu,
akwatin katako mai igiyar ƙarfe,
ya hau da kuka, ya sauko da kuka.
Ni ce mai yagar tikiti.
Shekara ashirin da biyu, sama da ƙasa,
ban taɓa isa ko'ina ba.

Ranar da abin ya fara ba ta da alama.
Ana ruwa, fasinja ɗaya tak,
dattijo riƙe da keji, babu tsuntsu a ciki.
Na ce, ina mai ɗakin?
Ya ce, "Jiya ya mutu,
amma kejin ya saba da fita shan iska."
Ya sauka. Na juya tikiti,
na rubuta maganar da biron lissafi
don kada ta bi ruwan kwata.

Tikiti ba shi da fili.
Shi ya koya mini rowar kalma,
in auna ta kamar yadda na auna kifi,
ba tare da ɗora yatsa kan sikeli ba.
Gwangwanin biskit ya cika.
Na biyu ya cika, murfi ya ƙi rufuwa.

Da na ajiye aiki na zazzage su kan tebur.
Ƙanwata Eduvigis ta riƙe haɓa:
"Rubutu? Yanzu?
Ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."
Na ce, wa ya ce miki tanƙwara nake nema?
Busasshe shi ke kama wuta.

Masu buga littafi bakwai na aika wa.
Shida sun yi gum.
Na bakwai ya ƙi, ya kuma ɓata sunana.
Wata yarinya mai injin ɗab'i a bayan gidan burodi
ta karanta a tsaye, ta manta shayinta,
ta buga ɗari uku.
Har yau shafukan na ƙamshin yis.

Daren karatu, kujera arba'in, mutum goma sha huɗu,
biyu iska ce ta koro su.
Takarda na rawa a hannuna,
hannun da bai taɓa rawa da wuƙa ba.
Da na kai kan keji
wata mata ta miƙe daga baya.
"Mahaifina ne," in ji ta.
"Kejin yana wurina. Ban san yana fita da shi ba."
Ta zauna. Ba wanda ya tafa.
Na nemi layin da na tsaya, na rasa.

Kuɗin littafin bai gyara rufin ɗakina ba,
bokiti na nan inda yake.
Amma jiya a asibiti, gurbin da aka rubuta sana'a,
na daɗe ina kallonsa,
na cike shi a hankali, harafi harafi,
har malamar jinya ta yi gyaran murya.

Na dawo ta keken tudu, na biya kuɗina.
Yaron da ya gaje ni bai san ni ba.
Kati na dangwala, injin ya yi ƙara,
ba a ba ni komai mai baya ba.
Wata fasinja na faɗa wa waya
cewa ta yafe, amma a maido mata tukunyarta.
Na laluba jaka.
Biro na nan.
Na rubuta a tafin hannu.