Mun Ji Kokenka

A bene na biyu, bayan Shagon Goro,
inda warin jima ke hawowa ta taga
ya kwanta kan allon kwamfuta,
nake tura saƙo ɗaya ga mutum dubu tara
kowace Talata:
jakar fatar jar akuya, takalmi sau-ciki,
ragi ga wanda ya sayi uku.

Kaɗan ke saye. Da yawa shiru.
Wasu kuwa su dawo da garwashi a baki:
Wa ya ba ku adireshina?
Ku daina cika mini akwati da shara.

Hajiya Inno ta ce
ba don ba da haƙuri take biyana albashi ba.
Sai na koya wa na'ura.
Na nuna mata kalmomin da za ta cafke,
yadda ake nuna wa sabon yaron shago kuɗin jabu:
shara, takura, ku cire ni, Allah ya isa.
Duk wanda ya rubuta ɗaya,
kafin ya ɗauke yatsa amsa ta iske shi:
Mun ji kokenka. Ka gafarce mu. Mun cire sunanka.

Haƙuri ne da ba ya gumi a watan Afrilu.
Ba ya azumi, ba ya zuwa jana'iza.
Ko wuta ta ɗauke daga Arkilla har Mabera
yana can wani wuri yana durƙusawa da sunana,
ni kuwa ina barcin rana.

Wata takwas ban leƙa ba.

Lissafi ne ya kai ni, ba tausayi ba.
Ina ƙirga waɗanda suka fita
sai suna ɗaya ya yi ta cin karo da idona:
Hali Mode.
Sau talatin da ɗaya an cire shi,
sau talatin da ɗaya ya sake sa kansa
da hannunsa.

Na buɗe na farko.
Ku bar aiko min wagga shara.

Na biyar:
Shara. Yau an yi ruwa Runjin Sambo,
katangar maƙwabcina ta faɗi.

Na sha biyu:
Shara. Ƙafata ta kumbura, ban tai masallaci ba.

Na ashirin da wani abu:
Shara dai, kamar kullum.
Ɗana da ke Fatakwal shi yas sai min wayar ga
don mu riƙa gaisawa.
Sallah biyu ke nan.

Tsohon ya gano kalmar da ke buɗe ƙofa.
Yana ajiye ta a gaba kamar sallama,
sannan ya cire takalmi ya shigo ya zauna.
Kuma a ƙarƙashin kowane saƙo,
cikin daƙiƙa guda, da muryata:
Mun ji kokenka.

Na ƙarshe ya yi mako uku da zuwa.
Shara. Yaro, ko wane ne kai,
kai kaɗai ka amsa min ba jinkiri.
Allah shi yi ma albarka.

Na daɗe ina kallon albarkar nan.
Ban san aljihun da zan sa ta ba.
Ba ni aka sa wa ba, ko da sunana ke ƙasa,
kuma abin da aka sa wa
bai san ana cewa amin ba.

Na zare sunansa daga hannun na'ura.
Na fara rubutu bayan la'asar,
na goge, na sake, na goge,
ni da ke magana da dubu tara da yatsa ɗaya.
Sai da aka kira magariba na gama:

Baba, ya ƙafar?

Na tura.

Tun daga lokacin na'ura ta ba mutum goma sha huɗu haƙuri,
kowa a kan kari.
Masu dukan fata a ƙasa sun tashi.
Mai gadi ya hau sau biyu yana kaɗa makulli.
Ni ina nan zaune,
ina koyon abin da ban taɓa koya mata ba,
jira.