Kati Mai Fanka Ɗaya

Kwamfutar nan ta girmi autana.
Na saye ta ranar da ofishin tikiti na Sabil ya rufe,
na ɗauko ta a ka kamar buhun shinkafa
har ɗakinmu na sama a Karantina.
Ba ta taɓa yi mini gardama ba
sai da Hansatu ta fara koyon zanen gini.

Ta ɗora bango, ta ɗora taga,
ta ce wa ginin ya juya ta ga bayansa,
sai allo ya tsaya cak, ya yi mata zuru
kamar tsohon da aka tambaya shekarunsa.
"Baba, katin hoto ne," in ji ta.
Ni tela ne. Kati ɗaya na sani, na igama.

Ran Juma'a bayan la'asar
na sa riyal ɗari uku da hamsin a aljihun ciki,
tef ɗin awona a na waje,
don Tanimu mai gyara ya ja mini kunne:
"Auna cikinta kafin ka sayo mata abinci."
Inci bakwai da rabi. Na rubuta a tafin hannu,
da abin da ke jikin akwatin wutarta:
wat ɗari uku, ba ƙari.

A Harajin Sawarik gumi ya kusa wanke rubutun.
Bawazir ya fito mini da wani ƙato,
fanka uku, fitilu ja da kore,
ya ce ɗari shida, amma don ni ne, ɗari biyar.
Na shimfiɗa tef a kansa, masu wucewa suka tsaya kallo.
Inci goma sha ɗaya.
Ga kuma waya mai baki shida da yake nema,
tsohuwata ba ta da ita.
Na ce, Bawazir, shekara talatin ina ɗinki,
ban taɓa sa wa yaro rigar kakansa ba.

Akwai wani mai araha, arahar da ta ba ni tsoro.
Na shinshina shi: ƙauri.
An ce irinsa sun shekara suna haƙar kuɗin iska,
ba wanda ya taɓa kashe su su huta.
Araha ba ta ado. Na ajiye.

Can ƙasan kwali, ƙarƙashin tarin wayoyi,
ga wani siriri, fanka ɗaya, giga huɗu,
ba ya neman wuta sai wadda raminsa ya ba shi.
Inci shida da ɗan kai.
Na ce a kunna a gabana. Aka kunna.
Na kasa kunne har aka kira magariba,
yadda nake sauraron keken ɗinkina
in ji ko akwai inda yake tari.
Ɗari uku da ashirin, da sharaɗin kwana uku.
Sauran talatin, kuɗin mota da tamis na yara.

Hansatu ce ta sa shi, ni na haska mata da waya.
Ƙurar shekaru ta sa mu atishawa.
Ya yi ƙas, kamar maɓalli ya shiga gidansa.

Ginin ya juya.
Ba da gudu ba, kamar fankar silin a lamba ɗaya,
amma ya juya.
Sai ga zaure, ga rijiya a hagu,
ga darbejiya ta jingina da katanga.
Gidan mahaifina ne a Ɗambatta,
wanda na bari ina ɗan shekara tara,
wanda nake ba ta labarinsa da dare
ban san tana aunawa ba.

Na ce, ƙofar ɗakin Inna ba nan take ba,
matsar da ita gabas kaɗan.
Ta matsar. Allon bai tsaya ba.
Fankar na ta ɗan gunaguninta,
ni kuwa na duƙa ina neman tef ɗina a ƙasa,
alhali yana rataye a wuyana.