Kunamar Cindo

Ran Lahadi, kasuwar Pitowa na ci,
Cindo ya shigo maƙerata
da bindiga naɗe cikin buhun taki.
Ko gaisuwa bai amsa ba.
Ya ce, "Kunamar ta ƙi ni.
Sau uku gadu na tsaye cikin gyaɗar Hamajoda,
kusa, har ina ƙirga gashin ƙeyarsa,
na ja, ta ce ba ta san zancen ba."

Na fara da abin da ubana ya fara koya mini:
na zura sandar ɗuri ta baki, na auna.
Bindigar toka ba ta faɗin tana da ciki
sai ta haihu a fuskar mutum.
Akwai ɗuri kuwa.
Muka jiƙa, muka ƙwaƙulo albarushi da tsumma
da ƙwayoyin boris ɗin keke guda huɗu.

Na kwance kusoshi, na zare ƙarfen gefe.
Man kaɗe ya sha ƙura ya koma ƙaro,
tsatsa ta ƙunsa wa haƙorin lalle,
zanzaro ma ta fara gini a lungu.
Na wanke da kananzir,
na bi da zarto sau biyu, a hankali,
kamar mai yi wa jariri askin suna.
Na ɗana, na ja. Ƙas!
Kajin maƙwabta suka watse.
Ya ajiye dala ɗari, ya saɓa abarsa.

Da kasuwa ta zagayo sai ga shi.
"Ta sake."
Na zargi sifirin. Na saro sabo
daga na tsohuwar Fijo da ta mutu a hanyar Gidar,
na gasa, na tsoma, na daidaita.
Na miƙa wa Ɗanjuma, yaron zugata,
ɗan shekara tara, ya ja da yatsa ɗaya.
Ƙas!

Lahadi ta uku bai ce komai ba tukuna.
Na zuba masa shayi.
A nan na gani.
Ya tallafi kofin da tafuka biyu,
manuniyar dama na miƙe, ta ƙi lanƙwasa,
kumburarriya a gaɓa kamar kan muruci,
shayin na rawa yana ɗiga a gwiwarsa.
Mutumin da aka haifa da yatsa shida,
yau guda ɗayan da yake ci da shi ya yi masa yaji.

Ya ce, "Ƙara goge haƙorin.
Sassauta ta yadda ko numfashi zai tashe ta."
Na tuna Barau, ƙanin uwata,
da ya so tasa da laushi haka nan.
Ya tsallake kwazazzabo a bakin Binuwai, ya yi tuntuɓe,
har ya mutu da sanda yake zuwa masallaci.

Ƙarfe na sani.
In ya ƙi, akwai wuta, akwai guduma.
Ba ni da zarton da ke cin shekara saba'in.

Na juya bindigar, na leƙa, na girgiza kai
kamar na gano wani sabon ciwo.
Na ce, "Wani ɗan ƙarfe ne ya cinye a ciki.
Babu irinsa a nan, sai an aiko daga Garwa."
Garwa da ake zuwa a dawo kafin azahar.
Ya dube ni, ya daɗe.
Ya ce, "To. Kar ka yi gaggawa."

Damina biyu ke nan tana rataye saman zugazugi.
Ina shafa mata mai, ina korar zanzaro.
Hamajoda ya kewaye gyaɗarsa da ƙaya.
Duk Lahadi Cindo na zuwa, ya zauna kan turmi,
ya ce, "Saƙon Garwa fa?"
In ce, "Shiru har yanzu."
Ya ce, "Mutanen birni ke nan."
Sai in zuba masa shayi,
rabin kofi, don kar ya zube.