Takalmi a Ƙarƙashin Gado

A wani garin masunta a arewacin Japan,
tsohuwa Fumie ba ta kwanciya
sai ta tura takalmanta ƙarƙashin gado,
bakinsu na kallon ƙofa.
Ta ce in ƙasa ta girgiza da dare,
fasasshen gilashi bai san ƙafar mai gida ba.

Ruwan baho kwana yake, ba a zubarwa.
Jaka na rataye a ƙusa:
tocila, usur, rediyon da ake wanawa da hannu,
maganin hawan jini na mako guda,
busasshiyar shinkafa, safa,
da hoton Shigeru cikin leda,
shi da ya koma kwance kare
ranar da teku ya shigo gari.

Jikarta Kanae kan yi dariya:
"Kaka, kin mai da gida tasha."
Ita dai ba ta tankawa.
Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wata asuba kwanuka suka zube,
jiniya ta tsage da kuka.
"Kada ki jira ni. Hau tudu!"
Matakala ɗari da sha biyu,
Kanae a sama tana haki, ƙafa na jini,
tsohuwa na tafe, tocila na lilo.

Igiyar ta zo ƙarama,
ta lashi bakin gaɓa, ta koma.

Da dare Fumie ta sauya batir,
ta sunkuya da takalmanta,
sai ta tarar da wasu a wurin,
ƙanana, jajaye,
bakinsu na kallon ƙofa.