Magudanar Inna Dudu

Kafin ladan ya gyara murya
Inna Dudu ta riga shi.
Tarinta ne agogonmu a Dadin Kowa.
Yana farawa can ƙasa,
kamar ana jan guga a rijiyar da ta yi laka,
igiya na kuka, guga bai taho ba.

Shekara talatin da ɗaya tana gumar shinkafa.
Rabin ganga uku a kan murhu,
buntu na ci a ƙasa, ba harshen wuta,
sai hayaƙi mai taurin kai.
Da gumar ta biya kuɗin makarantata,
da ita ta rufa ɗakin nan da kwano.
Hayaƙin kuwa yana ta rubuta bashinsa
a littafin da ba mu iya karantawa.
Yanzu ya zo karɓa.

A asibitin Gombe, Sista Rifkatu
ta ɗaga hoton ƙirjin ta kara da fitila.
Ta ce, Mama, kin san magudanar da ke kai ruwa fadama?
Haka hanyoyin iska suke.
Akwai 'yan tsintsiya a ciki, ido bai ganinsu,
dare da rana suna sharo kaki zuwa sama.
Naki sun gaji, hayaƙi ya cinye musu baki,
kakin kuma ya yi kauri, ya zama ƙaro.
Wa ya taɓa share busasshiyar laka?
Sai an jiƙa.

Inna ta yi dariyar da ta ƙare da tari:
Ashe ƙishirwa ce a ciki ban sani ba,
ni da ke kwana a gindin madatsar ruwa!

Da can takan ƙi sha bayan la'asar
don kada fitsari ya tashe ta.
Yanzu ga buta mai ɗumi a gefen tabarma,
kurɓi, a huta, kurɓi,
ba ɗaukewa lokaci guda irin ta raƙumi ba.
Wani sa'in da citta, in ta yi ƙorafin lami.

Da hantsi nakan kawo tukunya tana tururi.
Ta lulluɓa da zane, ta sunkuya nesa kaɗan,
muryarta na fitowa daga ƙarƙashi:
Yau ni ce shinkafar, Hajjo,
ki kula kada in dafe.

Sannan ta kwanta a gefe, matashi a ƙugu.
In lanƙwasa tafina kamar mai ɗiban ruwa,
in bi bayanta, ɓaf, ɓaf, ɓaf,
wannan bayan da ya goye ni zuwa kasuwar Kuri.
Ta shaƙi maganin fesawa, ta riƙe,
ta ja iska a hankali,
ta buɗe baki ta ce haa,
kamar mai son madubi ya yi raɓa.
Sau biyu. Sau uku.
Sai ka ji abin ya saki,
guga ya taho.

Tana tofawa a gwangwani mai toka,
amma sai ta duba tukuna,
yadda take duba ƙwayar shinkafa a tafin hannu.
Fari ne, mun kwana lafiya.
Ran da ya koma kore, ko ya ɗauko jini,
ko zazzaɓi ya biyo shi,
ba jira, sai motar Gombe.

Ba a ce mana zai warke ba.
An ce a riƙa yashe magudanar kullum,
yadda Baffa Jauro ke yashe tasa kafin ban ruwa,
gobe ma laka ta dawo, ya sake.

Gangunan suna wurin maƙwabciya yanzu.
Inna takan tsaya nesa, inda iska ke fitowa,
ta ɗaga murya: Kin cika wuta, Yelwa!
Jimla guda, har ƙarshenta,
tari bai katse ta ba.
Na ji, na yi shiru,
na je na ƙara ruwa a buta.