Sunaye Arba'in da Uku

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da biron ikkilisiya.
Duk Janairu dattawa su zauna a bencin baya,
su zuba buri, ni in rubuta:
za mu canja kwanon rufi, za mu sayi mota,
za mu kafa reshe a Kabong,
za mu, za mu.
Littafin nan ya ci "za mu" har ya yi tumbi,
bai taɓa ɗanɗana "mun yi" ba.

Bana Fasto Choji ya karɓe shi,
ya yi ta lasar yatsa yana juya shafi, bai ce uffan ba.
Can ya ce, "Malam Izang, ɗauko rajista.
Wa ke kan takarda, ba ya kan benci?"
Muka ƙirga. Arba'in da uku.
Ya ce, "Burin bana ke nan, kuma ƙafa za ta yi shi.
Kowace Alhamis, ƙarfe huɗu, ƙofa ɗaya."
Dattijo Gotom ya ce, "Kwanon fa?"
Ya ce, "Kwano na yoyo, na sani.
Yoyon mutane ya fi damu na."

Muka fara da Tudun Wada,
inda hanya ke hawa dutse kamar akuya,
mai keke ya sauke mu ya ce iyakarsa ke nan.
Kachollom mai gwate ta ce tun ranar da aka karanta
sunayen masu baiko, nata babu,
kunya ta ɗaure mata ƙafa.
Wani direba a Gada Biyu ya leƙo ta labule,
ya aiko yaro ya ce ba ya nan.
Fasto ya durƙusa daidai tsawon yaron:
"Ka gaya wa wanda ba ya nan za mu dawo."

Biro ba ya son ƙarya:
a watan Agusta mun yi sanyi.
Ruwa, ƙanƙara, taron gunduma, bikin 'yar ma'aji.
Alhamis uku suka wuce a kan "sai wani mako."
Suna na ashirin da shida, Mama Nanret,
Angwan Rukuba, bayan tsohon ramin kuza.
Ranar da muka isa,
rumfa muka tarar da kujerun haya.
Jikarta ta ce, "Ta ji labarin kuna zagayawa.
Duk Alhamis sai ta sa in share ƙofar gida,
in ɗora ruwan shayi."

Fasto ya zauna a kan dutse, hula a hannu.
Bai yi wa'azi ba.
Ni na buɗe littafi,
na rasa alamar da ake sa wa irin wannan suna.

Washegari ya je Terminus ya sayo takalman roba,
nasa da nawa.
Ya ce duk ƙarshen wata in tashi gaban dattawa
in karanta inda muka je da inda muka kasa,
in makon na lalacinsa ne, in faɗi sunansa.
Sau biyu na faɗa. Muryata ta yi rawa, tasa ba ta yi ba.

Daren nan muna jiran sabuwar shekara,
zumuntar mata na kaɗa tulu a gaba.
Ƙofa talatin da takwas muka ƙwanƙwasa.
Goma sha huɗu sun dawo.
Wasu sun sami wata majami'a, mun sa musu albarka.
Direban har yanzu ba ya nan,
amma ga yaronsa can cikin mawaƙa, riga ta yi masa yawa.
Bokitai uku na bayan bagade suna jiran damina,
Dattijo Gotom na harararsu.

Na jawo sabon shafi zan rubuta Janairu,
Fasto ya dafa hannuna.
"Saura nawa?"
Na ce biyar.
Ya ce, "Sa su a sama. Jibi Alhamis."