Kwana Tara

Ranar Laraba na saye ta a Dundee,
a wani fili bayan tsohuwar masaƙar algarara.
Shuɗiya ce, an wanke ta tas,
kamar ba ta taɓa taka gishirin titi ba.
Fam dubu uku da ɗari huɗu.
Shekara biyu ina tara su,
ina ɗaga tsofaffi daga gado,
ina juya su, ina shafa musu mai a diddige.

Rennie dillali ya bubbuga bayanta da tafin hannu.
"Morag, wata tsohuwa ce kaɗai ta hau ta,
daga coci sai kanti."
Ni da tsofaffi ba ma 'yar haka da juna.
Na yarda.

Rana ta tara, shida saura kwata,
tsakiyar gadar Tay,
inji ya yi tari sau biyu,
ya yi ƙarar tsakuwa a gwangwani,
ya yi tsit.
Ruwa a ƙasa, ruwa a sama.
A ƙetare Mista Ogilvie na kwance,
yana jiran mai ba shi maganin safe.
Ya ƙirga shida. Ya ƙirga bakwai.

"Yadda kika gan ta aka sayar miki,"
in ji Rennie a waya, yana tauna wani abu.
Na ce fenti na gani.
Ido ba ya shiga cikin giya.

Farquhar bakanike ya tsiyayo man a tafinsa,
ya murza, ya nuna mini garin ƙarfe yana ƙyalli.
"An ɗura mata mai kauri don a toshe bakinta.
Wannan ciwon ya girmi cinikin."
Na ce rubuta.
Ya goge hannu a wando ya rubuta,
har da zanen babban yatsansa a gefe, baƙi ƙirin.

A ofishin ba da shawara
wata mata mai tabarau da igiya
ta karanta rasit ɗin har ƙananan baƙaƙen ƙasa.
"Kwana talatin doka ta ba ki.
Motar da ta kasa zama mota, a mayar,
kuɗi su dawo gida.
Abin da ya rubuta a nan ƙasa
ba ya kashe abin da ke sama da shi."

Wasiƙa ta tafi da rajista.
Ya ce zai gyara. Na ce a'a.
Ya ce rabi. Na ce a'a.
Ya ce ga wata ja, ta fi waccan lafiya.
Wanda maciji ya sara,
ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Na koma bas ɗin asuba,
ni da masu shara da masu gasa burodi,
kowa hannu a hammata.
Mista Ogilvie kullum sai ya tambaya,
"Ya biya?" kafin ya haɗiye ƙwayarsa.

Rana ta arba'in da ɗaya suka shigo asusu,
cif, babu sannu.
Fam tasa'in na janwe
har yau ina bin sa.

Jiya daga tagar bas na hango ta.
An sake wanke ta tas.
An ƙara ɗari biyu a kan gilashi.
Wani yaro da rigar aikin asibiti
ya sunkuya yana leƙen tayoyi,
Rennie na bubbuga bayanta da tafin hannu.

Ba tashata ba ce.
Akwai mai jirana ƙarfe huɗu.
Na danna ƙararrawa,
na lalubo takardar Farquhar a jaka,
mai baƙin yatsan nan,
na sauka cikin yayyafi.